Gatse Ne Ko Farfaganda? Fim Ɗin Yaƙin Ƙwari Da Majigin Da Kawu Ya Tuna

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, don haka masu jiran ci gaban labari su yi mini haƙuri na mako guda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da muka tafka da wani abokina malamin makaranta kwanakin baya, a kan wani tsohon fim na Amurka mai suna Starship Troopers, wanda mu yaran unguwarmu ba mu san shi da wani suna ba sai "Yaƙin Ƙwari". Shi abokin nawa ya dage cewa fim ɗin farfaganda ce tsagwaronta, an shirya shi ne don a sa wa matasa sha'awar kaki da bindiga. Ni kuwa na ce gatse ne, wato mai fim ɗin yana yi wa masu son yaƙi shaguɓe ne. Muka rabu kowa na kan bakansa. Sai da na koma gida na tuna da kawuna, Allah ya jiƙansa, na ga ashe shi ya taɓa raba wannan gardama tun 1999, alhali ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji.

Bari in fara daga farko. A wancan lokaci ina ɗan sakandare a Talata Mafara, kuma duk yaron da ya tashi a zamanin ya san gidan kallo: rumfar kwano, bencina, talabijin guda a kan tebur, da janareto yana ta ƙara a baya. A nan muka san Rambo da Kwamando, a nan kuma muka ga wannan fim na ƙwari. Ihu da tafi da muka yi a daren, sai wanda ya gani. Duk sanda aka yi wa ƙwaro ruwan harsashi sai mu miƙe tsaye. Da aka tashi, har da masu rantsuwa cewa da sun gama makaranta soja za su shiga.

Bayan 'yan makonni, da hutun sallah, yayana ya yi hayar kaset ɗin muka kunna a tsakar gida. Kawu ya zo gaisuwa daga ƙauye, aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana kallo ina ɗan fassara masa abin da na tsinta. Ba a yi nisa ba ya taɓa ni ya ce, "Kai yaro, wanga hwa ba yaƙi na ba, majigi na." Na ce, "Kawu, wane irin majigi kuma?" Ya ce, "Mutumin ga da ka magana ba a ganinai, tun ina yaro na san shi." Can kuma da aka kai wurin da sojoji suka sauka a duniyar ƙwarin, ya sake tambayata, "To su ƙwarin ga, su sunka zo, ko ishe su anka yi gida?" Dariya muka yi masa, muka ce tsoho bai gane fim ba. Na shafe shekaru kafin in gane cewa mu ne ba mu gane ba.

Ga wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, ga yadda yake a taƙaice. Ya fito a 1997, kuma irin almarar nan ce ta kimiyya da ake ƙaga rayuwar wani zamani mai zuwa. A cikinsa duniya duka ta koma ƙarƙashin gwamnati guda wadda tsofaffin sojoji suka kafa. Kowa na iya zama ya yi kasuwancinsa ya yi arziki, amma babu mai jefa ƙuri'a sai wanda ya yi wa gwamnati bauta, galibi a soja. Jarumin, Johnny Rico, ɗan masu kuɗi ne daga birnin Buenos Aires na Ajantina, ya shiga soja don bin budurwarsa. Sai wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya shafe birnin nasu, gwamnati ta ce wasu manyan ƙwari na wata duniya mai suna Klendathu ne suka jefo shi. Shi ke nan aka ɗaura yaƙi. A harin farko kaɗai, an ce mutum 100,000 suka mutu cikin awa guda.

To amma abin da Kawu ya lura da shi ba labarin Rico ba ne. Jefi-jefi ana katse fim ɗin a sako wasu gajerun labarai na gidan talabijin ɗin gwamnati, da wata murya mai fara'a tana bayani. A ɗaya za ka ga sojoji suna raba wa ƙananan yara harsasai suna dariya. A wani za ka ga yara suna tattake kyankyasai a titi, wata mata tana tafi kamar ta zare don murna, wai su ma suna bayar da tasu gudummawar. A wani kuma an yanke wa mutum hukuncin kisa cikin ƙiftawar ido, ana tallan cewa za a nuna kisan da yamma a dukkan tashoshi. Sannan ga jami'in da ke ɗaukar sababbin sojoji, yana alfahari da cewa aikin soja ne ya mai da shi yadda yake, da aka nuno shi sosai sai ga shi babu ƙafafu biyu, hannu guda kuma na ƙarfe ne. Tambayar Kawu ma tana cikin fim ɗin: akwai inda wani ɗan jarida ya ambata cewa wasu na ganin mutane ne suka fara kutsawa yankin ƙwarin, nan take aka katse shi aka wuce.

Yanzu sai mu duba tarihin abin, domin fim ɗin yana da iyaye biyu da ba sa ga maciji. Na farko shi ne marubucin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, Robert Heinlein, Ba'amurke kuma tsohon hafsan sojan ruwa. Ya fitar da littafin a 1959, lokacin yaƙin cacar baki tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, yana cikin fushi da masu kiran a dakatar da gwajin makaman nukiliya. Shi da gaske yake yi: ra'ayin cewa wanda ya sa ransa a haɗari domin ƙasa shi ya fi cancanta ya zaɓi shugaba, an shimfiɗa shi a littafin ba da wasa ba. Har littafin ya taɓa shiga jerin waɗanda ake shawartar sojojin Amurka su karanta.

Na biyu shi ne daraktan, Paul Verhoeven, mutumin ƙasar Holan, wanda da yawanmu mun san shi ta fim ɗinsa RoboCop na 1987. An haife shi a 1938, ya yi ƙuruciyarsa a birnin Hague lokacin da sojojin Hitila suka mamaye ƙasarsu. Gidansu na kusa da inda Jamusawa ke harba rokoki, don haka jiragen ƙawance suka riƙa yi wa unguwar ruwan bama-bamai. Wato yaro ne da ya ga gawa a titi kafin ya iya karatu sosai. Ya sha faɗa cewa bai iya ƙarasa littafin Heinlein ba, babi kaɗan ya karanta ya ajiye. Shi da marubucin fim ɗin, Ed Neumeier, sai suka ɗauki labarin suka juya masa riga. Tallan ɗaukar soja da aka buɗe fim ɗin da shi, an kwaikwayo shi ne daga Triumph of the Will, fim ɗin da Leni Riefenstahl ta shirya wa Hitila a kan gangamin jam'iyyarsa, wanda ya fito a 1935. Kakin hafsoshin ma irin na 'yan Nazi ne. Abokin Rico da ya zama jami'in leƙen asiri, a ƙarshen fim ya fito cikin doguwar baƙar kwat irin ta 'yan sandan ciki na Hitila. Kuma a littafi Rico ɗan asalin Filifin ne, amma a fim aka zaɓo fararen samari da 'yan mata masu kyau kamar an zana su, da gangan, irin waɗanda Riefenstahl ke son ɗauka.

Ka ga ke nan ta fuskar niyya babu wata gardama, gatse ne. Sai dai kuma da fim ɗin ya fito, manyan masu sharhi da dama a Amurka ba su ɗauke shi haka ba. Jaridar Washington Post na cikin waɗanda suka zarge shi da ƙamshin aƙidar Nazi, wasu kuma suka ce shirmen harbe-harbe ne na yara. An kashe masa kimanin dala miliyan 100, abin da ya dawo da shi daga gidajen silima na duniya bai wuce miliyan 121 ba. Sai bayan harin 11 ga Satumba na 2001 da mamayar Iraƙi a 2003, da Amurkawa suka ga tashoshinsu na labarai sun koma kamar waɗancan na cikin fim, sannan aka dawo ana cewa ashe mutumin nan gargaɗi yake yi.

To yaya aka yi manomi daga ƙasar Morai ya gano cikin minti goma abin da ya shige wa masu digiri duhu? Amsar tana cikin kalmar da ya yi amfani da ita, wato majigi.

Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce ta gwamnati da ke yawo gari-gari, ta tsaya a ƙofar fada ko filin kasuwa, a kafa farin ƙyalle, bayan sallar isha'i a haska hoto kyauta. Asalin abin a Nijeriya yana komawa ga wani jami'in kiwon lafiya Bature, William Sellers, wanda ya fara amfani da fim a Legas wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai, kuma aikin farko da aka ba su shi ne su bayyana wa 'yan Afirka dalilin yaƙin. Sellers yana da ƙa'idojinsa: a tafi da hoto a hankali, kada a yi dabarun kyamara, domin a ganinsa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba za ta ɗauka ba. Kuma a kullum akwai tafinta riƙe da lasifika yana gaya wa jama'a ma'anar abin da idonsu ke gani. Wannan shi ne mutumin da ke magana ba a ganinsa.

A shekarar ta 1939 ɗin dai aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a kashe jita-jitar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Da jarida da majigi da sarakuna aka haɗa ƙarfi, aka kwashi dubban samarin Arewa zuwa yaƙin Boma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka je suka yaƙi Japanawan da ba su taɓa haɗa hanya da su ba. Bayan yaƙi majigi bai tsaya ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta gaje shi, ana nuna rangadin manya, da tsaftar gida, da noman zamani irin na fim ɗin Baban Larai. Kawu ya ga wannan yana yaro. Ba na cewa duk abin da majigi ya nuna ƙarya ne, ai allurar rigakafi da haƙa masai ba ƙarya ba ne. Amma a majigi kowa murmushi yake yi, gona kullum kore ce, kuma ba a taɓa jin ta bakin wanda aka nuna, sai ta bakin mai lasifika.

Darasi na biyu kuwa, mutanen ƙasarmu a jikinsu suka koye shi. Tsakanin 1974 da 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, da nufin a shayar da sama da hekta 20,000 na noman rani a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. A bakin hukuma, wannan shi ne ci gaba: alkama da shinkafa, noma sau biyu a shekara. A ƙasa kuwa, ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane a wajen Maradun, aka sake musu matsuguni. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin aka hana su shuka har damina biyu ko uku ana baje ƙasa, aka sare itatuwan amfani, maganar diyya ta zama rigima. Na ƙasan dam ɗin kuma ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta ragu. Manoma suka kai kuka, suka gaji, suka tare hanyoyin aikin. Gwamnan jihar Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa, ya zo ya yi alkawari. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka yi harbi, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu binciken da suka bi sawun abin, da 'yan adawa na lokacin, sun ce adadin ya haura 380.

Wanda ya rayu a wannan yanki a wannan shekara, ya ji abin da aka faɗa a rediyo, ya kuma ji abin da masu wankan gawa suka faɗa, ba ya bukatar wani farfesa ya koya masa cewa murya mai daɗi da hoto mai kyau suna iya rufe rami. Shi ya sa da Kawu ya ga sojoji na murmushi ana kiɗa, sai ya nemi wanda ba a ba dama ya yi magana ba, ya tambaya ko iske su aka yi a gida.

A nan ne nake ganin ni da abokina kowa ya kama rabin gaskiya. Mu Hausawa mun san gatse sarai. Yaro ya ɗauki tulu yana wasa da shi, uwa ta ce, "Fasa shi mana, ai ka kyauta." Ɗan gida ya san ma'anar, sai ya ajiye. Amma baƙon yaro da bai san halinta ba, yana iya ɗauka izini aka ba shi. Haka maroƙi ke iya wasa mutum ya kai shi sama har yabon ya koma zambo, 'yan gari na dariya a ciki, shi kuwa gogan yana ta miƙa kyauta. Gatse aikin mutum biyu ne, mai faɗa da mai ji. Idan mai ji bai san asalin abin da ake kwaikwaya ba, to maganar ta tashi daga gatse ta koma umarni.

Kuma dole in yarda hujjar abokina tana da nauyi. Ya ce mini, "Malam, kai da bakinka ka ce kun fito gidan kallo kuna rantsuwar shiga soja. To me farfaganda ke yi da ya wuce wannan?" Ban da amsa. Verhoeven ya kashe miliyoyi ya ƙawata yaƙin har ya yi daɗin kallo, ƙwarin kuma ya yi su abin ƙyama, ba su da fuska, ba su da harshe, ba wanda zai ji tausayinsu. Ko a ƙarshe da aka kamo babban ƙwaron mai tunani, aka sanar cewa tsoro yake ji, sojoji suka ɓarke da sowa, mu ma a rumfar kwano sowa muka yi. An shirya wurin ne don mai kallo ya tsargu ya tambayi kansa me yake yi wa murna. Mu ba mu tsargu ba. A daren nan, a kanmu, fim ɗin farfaganda ya zama, ko da mai shi bai nufa ba. A kan Kawu kuwa, da ke zaune kan tabarma a gida guda da mu, bai ci nasara ba ko ta minti ɗaya.

Me ya sa na dame ku da fim mai shekaru kusan talatin? Domin kalmar ƙwaro ba a fim kaɗai take ba. A Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, kuma cikin kwana ɗari aka hallaka mutane kimanin 800,000. Kafin a ɗaga adda, sai da aka fara cire wa mutum sunan mutum.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin bala'i ba. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. Ƙauyuka nawa aka tasa a Maradun da Bakura, manoma nawa suka bar gonakinsu? 'Yan bindigar da suka yi wannan azzalumai ne, kuma sojan da ya tsaya ya kare mu ya cancanci addu'a da godiya, kada wani ya juya mini magana. Amma yanzu majigi ya bar ƙofar fada ya shiga aljihun kowa. Bidiyo na zuwa ta WhatsApp da Facebook da TikTok: hayaƙi na tashi daga daji, an ɗora kiɗa, wata murya na cewa an gama da su. Su ma 'yan bindigar suna da nasu majigin, suna nuna kuɗi da makamai don su ja yara. A ƙarƙashin irin waɗannan hotuna za ka ga ana rubuta cewa a ƙone dajin duka, a shafe ƙabila kaza, ba a ware mai laifi da makiyayin da shi ma an kore masa shanu. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu taron Mauludi, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Daga sama, a cikin hoto, su ma ɗigo-ɗigo ne masu motsi.

Don haka idan abokina ya sake tayar da gardamar, abin da zan ce masa shi ne: wanda ya shirya fim ɗin gatse ya yi, amma ko zai tsaya a gatse ko zai koma farfaganda, wannan yana hannun wanda ke zaune a kan benci. Mu da muke rubutu da karatu, aikinmu ne mu gaya wa ƙannenmu labarin majigi da na Boma da na Bakolori, domin wanda bai san asali ba ba zai gane kwaikwayo ba. Ni dai yanzu duk bidiyon da aka turo mini, kafin in tura wa wani, nakan yi tambayoyin nan biyu na Kawu: wane ne ke magana ba a ganinsa, kuma su waɗanda aka nuna, an ji ta bakinsu?

Allah ya jiƙan Kawu da waɗanda suka kwanta dama a Birnin Tudu, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Mai ganin na kauce, ƙofa a buɗe take, ya zo mu tattauna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.